Injin da Ya Ƙi Sauka

Da hantsi Lallaɓa ya shigo da bas ɗinsa gareji, bayan ya sauke yaran makaranta. Bai kashe injin ba. Ya leƙo ta taga ya yafito ƙaninsa, wanda ke kwance ƙarƙashin wata mota, ya ce ya fito ya saurari wani abu.

Direbobi ne suka laƙaba masa Lallaɓa tun yana saurayi, don bai taɓa yin gaggawa a kan titi ba. Suna cewa ko kunkuru ya danna masa hon zai kauce ya ba shi hanya. Abin da suke yi masa dariya a kai kuwa shi ya zama hanyar abincinsa. Iyaye har rububi suke yi su samar wa 'ya'yansu kujera a ƙaramar farar bas ɗinsa, wadda ke kwasar yara da safe ta kai su firamare, ta dawo da su da rana. Akwai waɗanda ya ɗauka suna 'yan aji ɗaya, yanzu 'ya'yansu yake ɗauka. Duk tsawon shekarun nan ko madubi bai taɓa fasawa ba.

Ƙanin nasa bakanike ne, shi ne autan gidansu, kuma duk da furfurar da ta fara tsiro masa a gemu, Auta kowa ke ce masa. Lallaɓa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon gyaran mota, shi ya saya masa sifanoninsa na farko. Shi ya sa idan farar bas ta shigo, ko motar wa ke kan layi sai ta jira.

Auta ya fito yana goge hannu da tsumma, ya kasa kunne. Injin na aiki lafiya lau. Ya ce, "Yaya, ni ban ji komai ba."

Lallaɓa ya ce ai a tsaye ba ta yi, sai an hau titi. Idan ya saki totur ya taka kuloci zai canja giya, maimakon injin ya sauka sai ya maƙale a sama yana ihu, allurar agogon ta tsaya cak, can daga baya ta riƙa saukowa kamar mai ciwon gwiwa a kan bene. Wani lokaci giyar ta shiga da ƙara, motar ta zabura, yara su yi ta dariya a baya. Da farko sai da rana take yi, a hanyar dawowa. Yanzu har da safe.

Auta ya ce wannan ciwon tsofaffin motoci ne, bai kai a tayar da hankali ba. Ya fara daga inda ake farawa. Ya janye kafet ɗin da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ko shi ke danne feda. Ya danna totur da hannu ya saki, ya dawo ɗas. Ya buɗe injin, ya cire bututun iska, ya leƙa maƙogwaron totur, inda wani ɗan faranti ke buɗewa yana rufewa don iska ta shiga. Wurin ya yi baƙi ƙirin da dauɗa mai danƙo. Ya nuna wa yayansa da yatsa ya ce ga ɓarawon nan, dauɗar ce ke riƙe farantin ba ya rufewa da wuri. Ya wanke da fetur da tsohon buroshin haƙori har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya ɗiga wa wayar totur mai, sannan ya zagaya unguwa da motar. Injin na hawa yana sauka kamar numfashin mai barci.

Ba a rufa mako ba bas ta dawo.

Wannan karon Auta ya bi ƙananan tiyon robar da ke jikin injin ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa su yana sauraro. A can baya, inda hannu ke shiga da ƙyar, ya ji ɗan huci. Wani tiyo ya bushe ya tsage. Ya yi wa yayansa bayani cewa iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, shi ya sa ko an rufe mata ƙofa injin ke ci gaba da gudu. Ya sa sabo, ya rantse cewa an gama. Lallaɓa ya tafi yana tsokanarsa cewa rantsuwar bakanike da ta tela uwarsu ɗaya.

Abin bai daina ba. Tsohuwar mota ba ta rasa abin da za a kama ta da shi, kuma duk zuwan da Lallaɓa zai yi sai Auta ya samo wani laifi na gaske. Ya zare wayar totur ya tarar silinta ɗaya ya tsinke a cikin kube, ya canja ta. Ya canja sifirin da ke maido da feda. Ya canja ɗan bawul ɗin da ke kula da injin idan mota na tsaye. Kowane gyara idan ya gama sai ya ɗauki motar da kansa, ya bari ta yi zafi sosai, ya hau gada da ita, ya shiga cunkoson kasuwa, ya canja giya har hannunsa ya gaji. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa ba. Abokan aikinsa suka ce irin ciwon haƙori ce, da an iso ƙofar likita sai ya lafa. Lallaɓa ya ce tsoron Auta take ji, ko kuwa shi ta raina. Tun suna dariyar abin har suka daina.

Ranar da abin ya ɓaci, da rana ce, lokacin tashi daga makaranta. Yara sun yi layi a gefen titi tare da wata malama suna jiran bas. Lallaɓa ya taho a hankali kamar kullum, ya saki totur zai tsaya, sai motar ta ci gaba da ja. Kafin ƙafarsa ta kai kan birki ta hau dakalin titi. Malamar ta fizge wasu 'yan mata biyu ta faɗi da su gefe, bas ta daki ginshiƙin ƙofar makaranta ta tsaya, fitila ta tarwatse. Ba yaron da ya ji ciwo. Malamar ce ta gurɗe a wuyan hannu. Lallaɓa ya daɗe zaune riƙe da sitiyari yana jin kukan yara, ya kasa buɗe ƙofa.

Shugabar makarantar ta san shi tun tana ƙaramar malama. Ta kira shi ofis ta ba shi ruwa, ta yi masa magana a hankali. Ta ce ba wanda ke zarginsa, kowa ya san tuƙinsa, amma kada ya sake kawo motar sai an tabbatar ta gyaru.

Daga nan gareji ya wuce kai tsaye. Akwai masu motoci zaune a kan benci suna jira, bai damu da su ba. Ya ce ya ba Auta amanar 'ya'yan mutane, shi kuma ya mayar da shi abin gwaji, yau a taɓa nan gobe a taɓa can kamar makaho a ɗakin wani. Auta ya fara cewa a bar masa motar ta kwana biyu, Lallaɓa ya katse shi.

"Da na san haka hannunka zai zama, da wajen kafinta na kai ka."

Auta ya sunkuyar da kai. Tunda yake, yayansa bai taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba.

Lallaɓa ya kai motar wani babban gareji mai rufin kwano da ma'aikata masu riguna iri ɗaya. Suka jona mata kwamfuta, kwamfuta ba ta nuna wani abin kirki ba. Duk da haka suka canja na'urar da ke auna buɗewar totur, da ta ƙi suka canja maƙogwaron gaba ɗaya, daga ƙarshe suka ce ƙwaƙwalwar motar ce, aka nemo wata aka sa. Ɗan abin da ya tara duk ya tafi a can. Ranar da ya karɓo ta, bai kai shataletale na biyu ba injin ya sake maƙalewa a sama.

Matar Lallaɓa ce ta zo wajen Auta. Ba ta saba zuwa gareji ba, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kare gefen mayafinta daga baƙin mai. Ta ce yayansa ba ya ci ba ya magana, wuni yake yi zaune a tsakar gida yana kallon motar. Ta ce ya san halinsa, ko zai mutu ba zai fara kiran ƙaninsa ba, amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Auta ya ce shi bai riƙe komai ba. Abin da ke hana shi sukuni kawai shi ne ya rasa inda zai sake dubawa.

Ranar Asabar da safe ya je gidan da tocila a aljihu. Suka gaisa sama-sama. Auta ya ce abu ɗaya ne bai yi ba: bai taɓa ganin motar tana yin abin da idonsa ba. Yana so Yaya ya tuƙa, shi kuma ya durƙusa a ƙasan kujerar gaba ya kalli feda, wataƙila idan ƙarfe ya yi zafi tana cijewa a gindinta. Lallaɓa ya ɗauko makulli.

Suka fita da bas ba kowa a ciki. Auta ya tura kujera baya, ya duƙunƙune a ƙasa, wuyansa a karkace, ya haska tocila. Da farko komai daidai. Suka bi babban titi, suka shiga cunkoso, tsaya, tafi, tsaya, tafi, zafin injin na dukan fuskarsa ta cikin ƙarfe. Har ya fara tunanin yau ma za ta ɓoye halinta, sai ya ji ihun. Lallaɓa ya ce, "Ka ji ta ko? Ga shi nan ta fara."

Auta ya ji, kuma ya gani. Ƙafar hagu ta danne kuloci. Gwiwar dama ta ɗan motsa sama, diddige na ƙasa, amma bakin takalmin yana nan kwance a kan totur kamar jiƙaƙƙen tsumma. Sai da duk ƙafar ta ja baya daga cinya sannan takalmin ya zame a hankali, fedar ta dawo, injin ya sauka.

Ya ce a sake. Aka sake, haka. Ya so a ce fedar ce, ya haska gindinta, ya haska sifirin da ya sa da hannunsa, duk lafiyarsu lau. Da injin ya sake maƙalewa, sai ya miƙa hannu ya sa yatsu biyu ƙarƙashin bakin takalmin ya ɗaga. Nan take ƙarar ta faɗi.

Lallaɓa ya dubi ƙasa, ya ga hannun ƙaninsa a ƙafarsa. Wata mota ta danna musu hon daga baya. Ya gangara gefen titi kusa da wani gidan mai ya kashe injin.

Auta ya roƙe shi ya zauna a bakin ƙofar bas ya cire takalma. Lallaɓa ya yi kamar zai ƙi, sai kuma ya zauna. Auta ya tsuguna gabansa ya ce ya kafa diddige a ƙasa ya ɗaga yatsun ƙafa sama. Ta hagu ta tashi. Ta dama ta yi rawa, babban yatsa ya ɗan motsa, shi ke nan. Lallaɓa ya cije leɓe ya sake gwadawa har jijiyar wuyansa ta fito. Auta ya naɗe masa ƙafar wando. Ƙwaurin dama ya fi na hagu sirantaka, kuma naman wurin na ɗan motsi shi kaɗai a ƙarƙashin fata.

Lallaɓa ya ce zaman mota ne, jini ne bai zagaya ba, duk tsohon direba yana da irin wannan. Ya ce shi a ransa ya ɗaga ƙafar, ya rantse ya ɗaga. Sai ya juya yana kallon masu shan mai. Can ya ce, da wata murya da Auta bai san shi da ita ba, "Ka dai sake duba wayar nan, Auta."

Auta ya tashi ya buɗe injin. Ya daɗe tsaye yana kallon sabuwar wayar da ba abin da ya same ta, yana taɓa ta yana saki, don ya kasa juyowa. Shi ya tuƙa su zuwa gida, Lallaɓa na kujerar gefe riƙe da takalmansa a cinya.

Da suka gaya wa matar Lallaɓa, sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ta ce ta daɗe tana ganin silifa na zame masa daga ƙafa ɗaya, har ya daina sa su ya koma takalmi mai igiya. Ta ga yana ɗaga gwiwa sama idan yana tafiya kamar mai tsallake ruwa. Ta taɓa yi masa magana ya ce ta sa masa ido, ita kuma ta ɗauka tsufa ne. Ba ta taɓa haɗa wannan da maganar mota ba. Wa zai haɗa?

Aka shiga zaryar asibiti. A na farko aka ce jijiyar baya ce ta danne, aka ba shi ƙwayoyi da motsa jiki. Suka yi murna da wannan, don ciwon baya abu ne da kowa ya sani. Bayan wata biyu ƙafar ta ƙara nauyi, aka tura su babban asibiti. Aka ɗauki hoton baya da na kai, aka ɗebi jini, aka soka masa siraran allurai a cinya da ƙwauri da dantse ana kallon wani allo. Auta ne ke kai shi kullum a motar wani mai gyara da ya ara, ya rufe gareji rabin wuni, su zauna a dogon benci suna jiran a kira su.

Likitar da ta ba su sakamako mace ce mai sanyin murya. Ta sa aka rufe ƙofa, ta tambayi wane ne Auta a wurinsa, sannan ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce cuta ce ta jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Suna mutuwa ne kaɗan-kaɗan, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Akwai maganin da ke ɗan rage mata sauri, amma ba a san wanda ke tsayar da ita ba. Ta ce ba za ta ɓoye musu ba, ba a ƙafa za ta tsaya ba.

Lallaɓa ya saurara kamar ana ba shi labarin wani. Ya tambaya ko ba a yin aiki a canja jijiyar. Ta girgiza kai. Ya tambaya yaushe zai koma tuƙi. Ta dube shi, ta dubi Auta, ta ce kada ya sake ɗaukar kowa a mota da wannan ƙafar. A hanyar gida, da suka zo wata mahaɗa, Lallaɓa ya ce wa Auta ya rage gudu, akwai rami a gaba.

Auta bai iya zama da hannu biyu ba. Likita ta ce da wannan ƙafar, to, ba ta ce da hannu ba. Ya jawo bas ɗin gareji, ya gyara fitila, ya buga gaban ya miƙe. Ya samo sandar ƙarfe ya lanƙwasa, ya kai wa mai walda, ya dawo ya gwada, ya sake yankewa. Ya ɗaura ta a gefen sitiyari ta dama, ya haɗa ta da fedoji biyu: idan an ja, totur, idan an tura, birki. Ƙafar hagu har yanzu tana iya kuloci. Ya naɗe mariƙin da robar tayar keke don kada ya yi santsi.

Suka gwada a wani fili da ake koyon mota. Da farko bas ta riƙa tsalle tana mutuwa, Lallaɓa na zagin ƙarfen yana cewa an mayar da shi ɗan koyo da furfurarsa. Kafin la'asar hannunsa ya gane. Ya zagaya filin, ya canja giya, injin ya sauka sumul, ya tsaya daidai gaban Auta ba ko girgiza. Ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidansu. Ya ce ashe dai kuɗin koyon sana'a bai tafi a banza ba.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau suka je wajen shugabar makaranta. Ta fito har bakin titi ta leƙa ta ga sandar, ta yaba aikin. Sannan ta ce labari ya riga ya kai kunnen iyaye, kuma sun riga sun sami wata motar. Ko da ba su samu ba, ita ba za ta iya sa hannu ba, in wani abu ya faru me za ta ce? Ta ce ya yafe mata. Lallaɓa ya ce ba komai, gaskiyarta ce, ko shi ne haka zai yi. Lokacin tashi ya yi, yara suka fito, wasu suka rugo suna kiran Baba Direba suna tambaya yaushe zai dawo. Ya ce musu motar ce ba ta da lafiya.

Wani mai shagon sari ya ba shi aikin kai katan-katan na sabulu da ruwan roba ƙananan shaguna. Ba ya iya ɗaukar kaya, masu shago ke saukewa da kansu suna gunaguni. Yana fita da sandar dogarawa a gefen kujera, ya dawo da yamma a gajiye, amma yana fita. Matarsa ta ce wa Auta ya fara cin abinci. Suka ɗan saki jiki, har Auta ya fara tunanin wataƙila likitar ta yi kuskure, ai su ma mutane ne.

Damina na ƙarewa matar ta lura yana daɗewa wajen ɓalla maɓallin riga. Sai cokali ya fara faɗuwa. Wata safiya ta leƙa ta taga ta gan shi a cikin bas yana murɗa makulli da hannu biyu. Wannan karon ba ta yi shiru ba, ta kira Auta a waya tana kuka. Auta ya ce yana zuwa da yamma.

Bai kai ga zuwa ba. Da azahar mai adaidaita sahu ya sauke Lallaɓa a bakin gareji, ya shigo yana jan ƙafa, yana dogara sanda da hannun hagu. Ya zauna a kan benci ya huta. Ya ce bas tana gaban shagon mai sari, a je a ɗauko. Ya ce ya zo tsayawa a bayan wata motar ɗaukar marasa lafiya, ya tura sandar birki, hannun ya ƙi turawa da ƙarfi, sai da ya jingina da kafaɗa. Saura ƙiris. Ya laluba aljihu da ƙyar ya fito da makulli, ya ajiye a kan benci tsakaninsu.

"Ka cire ƙarfen nan naka," in ji shi. "Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka."

Auta ya fara cewa ana iya mayar da sandar ɓangaren hagu, aikin wuni ɗaya ne. Lallaɓa ya ɗaga hannun hagun ya nuna masa tsakanin babban yatsa da manuni. Wurin ya fara lotsawa, naman na ɗan motsi shi kaɗai. Auta bai ƙarasa maganar ba.

Daga nan abin ya yi sauri fiye da yadda suka zata. Sanda ta koma keken guragu. Aka fito da gadonsa falo don ƙofar ɗaki ta yi ƙunci. 'Yarsu da ke aure a wani gari ta zo ta yi makonni ta koma, don ita ma tana da ƙananan yara. Auta ya riƙa rufe gareji da wuri yana biyowa ta gidan, shi ke ɗaga shi ya kai shi banɗaki, shi ke yi masa aski, don matar ba ta iya ɗaukarsa ita kaɗai. Mutumin da ya goya shi zuwa makaranta yanzu bai fi rabin buhu nauyi ba. Hankalinsa kuwa garau, yana jin komai, yana gane kowa, ko ƙuda ya sauka masa a goshi yana ji, sai dai ya jira wani ya kore masa. Harshensa ya fara nauyi. Auta kan yi kuskure da gangan wajen aski ko zai samu a yi masa faɗa, amma Lallaɓa sai dai ya ce sannu.

Bas ɗin na tsakar gida, tayoyinta suna sacewa, ganyaye na taruwa a kan gilashi. Lallaɓa da kansa ya ce a sayar, magani na ci, kuma mota ba ta son zama. Auta ya yi ta jan ƙafa har sai da matar ta sa baki.

Mai sayen ya zo wata ranar Lahadi, wani mai gidan burodi ne da ke neman motar rarraba kaya. Auta ya sa wa tayoyi iska, ya canja batir, bugu ɗaya ta tashi. Mutumin ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jiki, ya buɗe injin, ya yi mamakin ganin sababbin kaya a tsohuwar mota. Ya ce shi fa ba ya son rufa-rufa, motar da aka canja wa wannan kaya haka lallai tana da wani ciwo, a gaya masa tun yanzu. Auta ya ce ba ta da ciwon komai. Mutumin ya ce to me ya sa aka yi mata wannan ɗawainiya? Auta ya ce mai ita ne ke ji da ita. Mutumin bai yarda ba, ya fita da ita ya daɗe yana gwadawa, ya dawo ya ce zai ɗauka amma in ta nuna hali zai dawo da ita. Ya ce za su cire kujerun baya su sa katako. Auta ya ce motarsa ce.

Ya buɗe masa ƙofar gida, ya tsaya har ta sha kwana. A inda ta daɗe tsaye ƙasa ta yi fari, da ɗigon baƙin mai a tsakiya. Ya rufe ƙofa ya koma ciki.

Matar na zaune a bakin gado tana riƙe wa mijinta kofin shayi da tsinken roba a ciki. Lallaɓa ya saki tsinken ya juyo da idanunsa. Ya yi magana, Auta bai gane ba sai da ya sunkuya ya sa kunne kusa da bakinsa. Tambaya yake ko an tafi da ita. Auta ya ce an tafi. Lallaɓa ya lumshe ido. Shayin ya ɗan zubo ta gefen bakinsa, matar ta goge da gefen zaninta, ta ce wa Auta ya zo ya tayar mata da shi zaune, tun safe yake kwance a ɓangare ɗaya.